Filayen wofi na sararin samaniya: girma suke yi ko ɓacewa, kuma yaya galaksoshin cikinsu suke ƙarewa?

Bashir: Salamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da manyan filayen nan na wofi da ake gani a taswirar galaksoshi (manyan tarin taurari), irin na Bootes. Wani wuri a ce kullum girma suke yi, wani wuri kuma a ce da yawansu sun riga sun ɓace. Wanne za a kama? Sannan 'yan galaksoshin da ke zaune a ciki, su ma suna canzawa, ko lokaci ya tsaya musu cak?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam Bashir. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da girman filin da kuma inda yake zaune. Amma ka fara cire hoton rami daga ranka. Filin wofi wuri ne da cunkoson abu ya sauka zuwa kamar kashi ɗaya cikin biyar na matsakaicin sararin samaniya, ko ƙasa da haka, ba wai babu komai ba. Na Bootes da Robert Kirshner da abokan aikinsa suka sanar a 1981, faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 330, kuma daga baya an ƙirga galaksoshi wajen 60 a cikinsa. Kaɗan ne ƙwarai ga wuri mai wannan girma, amma suna nan.

Asalinsu kuwa ƙanƙanin abu ne. A haske mafi tsufa da muke iya gani, wanda ya taso shekara 380,000 bayan Babbar Fashewa, bambancin zafi tsakanin wannan kusurwa da waccan bai wuce kamar kashi 1 cikin 100,000 ba. Wannan ɗan bambancin shi ne shaidar cewa wani wuri ya ɗan fi wani cunkoso. Inda abu ya ɗan yi ƙaranci, ƙarfin janyowa da ke taka wa faɗaɗar samaniya birki ya fi rauni, sai wurin ya buɗe fiye da maƙwabtansa. Da ya buɗe sai ya ƙara yin sako-sako, birkin ya ƙara saki. Haka abin ya yi ta ciyar da kansa har shekara biliyan 13.8.

Injiniya Nura: Kenan filin ne ke tura abu waje, Dakta?

Malam Sani: Babu mai turawa, Injiniya. Janyowa ce ta yi ƙaranci daga ciki, ta yi yawa daga waje, sakamakon sai ya yi kama da turi. Ga lissafin a sauƙaƙe don ka ga girman abin. Ƙarin saurin faɗaɗa a cikin fili kusan shi ne: ma'aunin saurin da janyowa ke tara abu wuri guda, sau yawan ƙarancin, raba uku. Ma'aunin nan a yau kusan 0.5 ne. Idan ƙarancin ya kai 0.8, wato kashi huɗu cikin biyar na abu babu shi, to 0.5 sau 0.8 raba 3 ya ba ka kusan 0.13. Wato cikin filin yana buɗewa da ƙarin kashi 13 cikin 100 a kan na ko'ina. Ɗauki fili mai nisan megafasek 20 daga tsakiya zuwa baki (megafasek ɗaya tafiyar haske ce ta shekara miliyan 3.26). Faɗaɗar gama-gari, a kan kilomita 70 a daƙiƙa ga kowane megafasek, za ta ba bakin gudun kilomita 1,400 a daƙiƙa. Ƙarin da filin ya jawo kusan kilomita 180 ne a daƙiƙa. Wannan lissafin na kusa-kusa ne, idan ƙarancin ya yi zurfi haka ainihin adadin yakan ɗan haura, amma ma'aunin ke nan: ɗaruruwan kilomita, ba dubbai ba.

Kuma akwai iyaka. Cunkoso yana iya hawa sau dubu, sau miliyan, amma ƙaranci ba ya wuce kashi 100 cikin 100. Shi ya sa lissafin fili ya fi na gungun galaksoshi sauƙi nesa ba kusa ba.

Dakta Hadiza: Bari in ɗora a kan na Malam Sani, don nan ne siffar filin take fitowa. Ka ɗauka filin zobba ne, ɗaya cikin ɗaya. Zoben ciki ya fi kowa zama cikin ƙaranci, don haka ya fi na waje saurin buɗewa. Sai na ciki su yi ta cim ma na waje, abu ya taru a baki ya zama tudu, tsakiya kuma ta baje ta zama kamar gindin bokiti. Lokacin da zobban ciki suka fara tsallake na waje shi ne ake ɗauka a matsayin balagar fili. A lissafin fili mai siffar ƙwallo, hakan na faruwa ne idan ya buɗe sau 1.7 fiye da yadda faɗaɗar gama-gari kaɗai za ta buɗe shi. Ka ninka 1.7 sau uku a kansa, ka samu kusan 5. Daga nan ne kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan ya fito, ba zaɓen son rai ba ne.

Wani abin sha'awa: Vincent Icke ya nuna a 1984 cewa fili yana ƙara zama zagayayye yayin da yake buɗewa, domin gefen da ya fi gajarta shi ya fi saurin miƙewa. Akasin wuri mai cunkoso, wanda in ya fara ruftawa sai ya ƙara baje ya zama faifai, sannan zare.

Malama Rabi: Dakta, a nan zan ɗan ja da ke. Maganar Icke daidai ce ga filin da ke zaune shi kaɗai, amma babu irin wannan filin. Duk wanda ya duba kwaikwayon kwamfuta, ko na Millennium na 2005 mai ƙwayoyi sama da biliyan 10, zai ga filayen a matse suke da juna kamar kumfar sabulu, kowanne da kusurwoyi da lanƙwasa. Maƙwabci yana tare maka hanya, manyan gungu da ke nesa kuma suna ja ta gefe guda. Kada Bashir ya tafi da hoton ƙwallaye masu sulɓi.

Amsar tambayarsa ta farko tana cikin aikin Ravi Sheth da Rien van de Weygaert na 2004. Sun raba makomar ƙananan filaye gida biyu. Na farko, ƙaramin fili da ke cikin wani babban yanki mai ƙaranci. Shi da maƙwabtansa suna buɗewa har su haɗu, bangon galaksoshi da ke tsakaninsu ya yi ta sirancewa saboda abin da ke cikinsa yana kwarara ta gefe zuwa zaruruwan da ke kewaye, a ƙarshe su zama fili guda babba. Tsohon bangon ba ya ɓacewa gaba ɗaya, yakan bar ɗan siririn zare a ciki, kuma a kan irin waɗannan zaruruwan ne galaksoshin fili suka fi zama. Na biyu, ƙaramin fili da ya yi rashin sa'a ya faɗo cikin babban yanki mai cunkoso. Shi kam duk ƙoƙarin buɗewarsa banza ne, yankin da ke kewaye yana ruftawa ya matse shi har ya shafe.

To ka ga, ƙananan suna ƙarewa ta hanya biyu, ko a haɗiye su ko a murƙushe su. Manyan suna ƙara girma. Adadin filaye yana raguwa, matsakaicin girmansu yana hawa.

Dakta Hadiza: Na karɓi gyaran, Malama. Kuma ana iya bambance iri biyun a yau ta hanyar auna bakinsu. Wanda tudun bakinsa ya yi tsayi har abin da ya taru a can ya fi abin da aka rasa a ciki, wannan yana kan hanyar matsewa. Wanda cunkosonsa ke hawa sannu a hankali har ya kai matsakaici ba tare da babban tudu ba, wannan zai ci gaba da buɗewa. Ƙananan sun fi faɗawa rukunin masu matsewa.

Bashir: Manyan za su yi ta cinye juna har abada kenan?

Malam Sani: A'a, ɓoyayyen makamashi, wato abin da ba a gani wanda ke ƙara wa faɗaɗar samaniya sauri, ya riga ya fara dakatar da wasan. Tun kusan shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce faɗaɗar samaniya ta fara ƙara sauri, kuma idan faɗaɗa tana ƙara sauri, janyowa ba ta samun lokacin tara abu. Ma'aunin nan da na ce 0.5 ne a yau, a zamanin da abu ke mulki kusan 1 ne, kuma sauka yake ci gaba da yi. Saboda haka saƙar gizon nan ta zaruruwa da bangwaye da filaye tana daskarewa a siffarta. Filin zai ci gaba da faɗi a ma'aunin kilomita, amma rabonsa cikin taswira zai tsaya.

Ku lura da wani abu kuma. A matsakaici, abu kashi 30 ne cikin 100, ɓoyayyen makamashi 70, wato kusan 1 da 2. A cikin fili mai kashi ɗaya cikin biyar, abu ya koma 6, makamashin yana nan a 70. Ya fi 1 da 10. Shi ya sa masu son gane halin ɓoyayyen makamashi suka ƙwallafa rai a kan filaye, a can ne ya fara yin rinjaye.

Injiniya Nura: Mu koma kan galaksoshin. Me ya bambanta su a zahiri?

Dakta Hadiza: Tun bayanan farko na SDSS, binciken da aka fara a 2000 da madubin hangen nesa mai faɗin mita 2.5 a Amurka, hoton ya fito: galaksoshin fili sun fi ƙanƙanta, sun fi shuɗi, sun fi zama masu siffar faifai ko marasa tsari, kuma suna haifar taurari da yawa idan aka auna da nauyinsu. Shuɗin yana nufin akwai manyan taurari masu zafi waɗanda ba sa daɗewa, wato haihuwa tana gudana yanzu. Da aka duba wasu kimanin 60 da na'urar rediyo ta Westerbork a ƙasar Holan, a kan zangon santimita 21 da haidirojin ke fitarwa, an tarar yawancinsu cike suke da gas, wasu faifan gas ɗinsu ya zarce na taurarin da nisa, wasu kuma da alamar har yanzu gas yana shigo musu daga waje.

Dalilin ya fi fitowa idan ka duba abin da ke kashe galaksi a gungu irin na Koma ko Birgo. Can akwai gas mai zafin digiri miliyoyi tsakanin galaksoshi. Galaksin da ya kutsa ciki da gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa, wannan gas ɗin yana share masa nasa kamar yadda iska ke kwashe ƙura, abin da Gunn da Gott suka bayyana tun 1972. Ga kuma gogayya da maƙwabta, ga yankewar sabon gas. A fili babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarfi.

Malama Rabi: Nan ma sai an yi hattara, don nan ne mutane suka fi zamewa. Ƙananan galaksoshi shuɗaye ne masu gas a kusan ko'ina, ba a fili kaɗai ba. Fili kuwa ba ya iya haifar manyan dunƙulen ɓoyayyen abu (abu mai janyowa amma ba ya fitar da haske), waɗanda su ne gidajen manyan galaksoshi, saboda wurin da ke son ruftawa a cikin yanki mai ƙaranci sai ya hau tudu mai tsayi kafin ya kai ga ruftawa. To idan ka kwaso duk na fili ka gwada da duk na waje, ka gwada yara da manya ne kawai. Dole ka daidaita nauyi: ga kowane galaksin fili, nemo na zare ko bango mai nauyin taurari iri ɗaya da nisa iri ɗaya. Idan aka yi haka, yawancin bambancin yana narkewa. A ganina nauyi ne ke jan ragama, muhalli yana biye.

Dakta Hadiza: Yawanci yana narkewa, amma ba duka ba, kuma ragowar ita ce abin nema. Launi yana gaya maka halin yau ne kawai. Tarihi kuwa sai ka warware hasken galaksin ka ga taurari masu shekaru daban-daban nawa ne a ciki. Masu shirin CAVITY, da ke aiki da cibiyar Calar Alto a Sifen, sun yi wannan, suka fitar da sakamako a 2023. Sun samu galaksoshi iri biyu a kowane muhalli: masu tara taurarinsu da wuri cikin gaggawa, da masu tarawa a hankali. Masu gaggawar, farkon rayuwarsu bai damu da muhalli sosai ba, don a lokacin filin bai ma gama zama fili ba. Masu tafiyar hawainiyar kuwa, na cikin fili sun fi na zare da na gungu jinkiri, kuma a jimlace jinkirin na fili wajen tara rabin taurarinsu ya kai kusan shekara biliyan 1 idan aka gwada da na zare. Don haka amsar Bashir ita ce lokaci bai tsaya musu ba, hanya ɗaya suke bi da sauran, sai dai a baya suke.

Malama Rabi: Na yarda da jinkirin. Abin da ban yarda a ce an gama ba shi ne sanadinsa. Ko gas ne ke isowa a hankali saboda zaruruwan fili sirara ne, ko kuwa dunƙulen ɓoyayyen abin ne kansa ya makara wajen haɗuwa. Biyun suna ba da alama kusan iri ɗaya a hasken taurari.

Malam Sani: Akwai kuma tsohuwar matsalar da Jim Peebles ya tayar a 2001: idan filaye na ɗauke da ɗimbin ƙananan dunƙule kamar yadda lissafi ke cewa, ina wadannin galaksoshin da ya kamata su cika su? Amsar da ta fi karɓuwa ita ce, cikin shekara biliyan 1 na farko hasken taurarin farko ya ɗumama gas ɗin samaniya zuwa digiri dubu goma ko fiye. Dunƙulen da janyowarsa ba ta da ƙarfi ba ya iya riƙe gas mai wannan zafi. Dunƙulen fili kuma sun makara, sun zo bayan an riga an ɗumama, sai da yawa suka zauna a duhu babu tauraro.

Injiniya Nura: To a aikace, yaya ake auna canjin nan? Ba wanda zai zauna ya jira fili ya girma.

Malam Sani: Ana duban nesa ne, don nesa ita ce da. Gocewar haske zuwa ja, wato miƙewar da faɗaɗar samaniya ke yi wa haske a hanya, ita ce ma'aunin nisa: ta 0.1 tana mayar da kai baya kamar shekara biliyan 1.3, ta 0.5 kamar biliyan 5, ta 1 kusan biliyan 8. Sai ka yanka bayanan kashi-kashi bisa nisa, ka nemo filaye a kowane kashi, ka gwada. Faɗa da baki ke nan. Ga inda ake faɗuwa.

Babban tarko shi ne yawan galaksoshin da kake gani. Madubi yana ganin masu dishi-dishi a kusa, a nesa sai masu haske kawai. Idan a kusa kana da galaksi ɗaya a kowane akwati mai girman megafasek 1,000 (tsawo sau faɗi sau tsayi), tazarar da ke tsakaninsu 10 ce. Idan a nesa ɗaya ne a 8,000, tazarar ta zama 20. Siraran bangwaye sun ɓace maka, filaye biyu ko uku sun zama ɗaya a idonka, sai ka fito kana cewa filayen da sun fi na yanzu girma, alhali akasin haka ne. Maganinsa, ka sa iyakar haske ta ainihi guda ɗaya ga duk kason, ka watsar da duk wanda bai kai ba ko da yana kusa, ko kuma ka rage na kusa da gangan har yawan ya zo ɗaya. Kuma duk filin da bai kai ninki biyu na matsakaiciyar tazara ba, kada ka amince da shi, yana iya zama giɓin sa'a kawai.

Na biyu, nisan da kake amfani da shi daga gocewar haske ya fito, ita kuma ta haɗa faɗaɗar samaniya da gudun galaksin na kansa. Galaksin gungu mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa, raba da 70, zai bayyana megafasek 14 gaba ko bayan inda yake. Gungun sai ya miƙe a taswira kamar dogon yatsa mai nuno mu, kan yatsan ya leƙa cikin filin maƙwabta. Sakamakon, jajayen tsofaffin galaksoshi na gungu su shiga jerin na fili su ɓata maka matsakaici. Sai an gano gungun an tattara yatsun kafin a fara neman fili. Idan kuma nisan daga launi kawai aka ƙiyasta shi ba daga warware haske ba, kuskuren 0.03 a gocewar haske ya kai kilomita 9,000 a daƙiƙa, sama da megafasek 100. Ya fi yawancin filaye faɗi.

Malama Rabi: Ka bar na uku, Malam: wace manhaja ka yi amfani da ita. VoidFinder tana fara ware galaksoshin da ke kaɗaice ta hanyar auna nisan maƙwabci na uku, ta ajiye su gefe, sannan ta hura ƙwallaye a wuraren da babu kowa har su taɓa bango, ta haɗa masu shiga juna. Da ita ne aka fitar da filaye 1,054 daga bayanan SDSS a 2012, sun mamaye kusan kashi 60 cikin 100 na wurin amma galaksoshin ciki kashi 7 ne kacal. ZOBOV kuwa, ta Mark Neyrinck ta 2008, tana ba kowane galaksi yankin da ya fi kusa da shi, girman yankin ya zama ma'aunin ƙaranci, sannan ta bi gangare kamar ruwan sama har kwari, duk inda ruwan kwaruruka biyu ya haɗu nan ne iyaka. A wannan tsarin galaksoshin bango ma ana lissafa su cikin filin. Idan ka ɗauki duk mambobin filin ZOBOV ka kira su galaksoshin fili, yawancinsu 'yan baki ne. Sai ka iyakance ga na can ciki, misali waɗanda ba su wuce kashi 70 ko 80 cikin 100 na nisan baki ba. A 2008 an ba manhajoji 13 yanki guda na kwaikwayon Millennium, sun yarda a kan inda tsakiyar filin take, amma girma da iyaka kowa da nasa.

Dakta Hadiza: Da bakin taswirar kanta. Inda binciken ya ƙare, ko inda tauraro mai haske ya rufe wani yanki, manhaja tana ganin babu galaksi sai ta ɗauka fili ne. Ana zuba ƙwayoyin bogi masu yawa a kan iyakar don su tare ta, sannan a cire duk filin da ya taɓa su. Amma cirewar ta fi cin manyan filaye, don su suka fi yiwuwar taɓa baki, saboda haka sai an gyara ƙidayar da taswirar gwaji daga kwaikwayon kwamfuta mai iyaka iri ɗaya. Wannan ne ya sa ake sa rai ga na'urar DESI, mai zaren haske 5,000 da ke warware hasken galaksoshi 5,000 a lokaci guda tun 2021, da kumbon Euclid da aka harba a Yulin 2023. Faɗin wuri da yawan galaksoshi suna rage matsalolin nan biyu tare.

Bashir: Akwai wanda ke kusa da mu da za a iya dubawa dalla-dalla?

Malam Sani: A bakin ɗaya muke zaune. Brent Tully da Richard Fisher sun bayyana Filin Maƙwabta a 1987, yana farawa kusan daga gefen rukunin galaksoshinmu. Wani sashensa yana bayan tsakiyar galaksinmu, ƙura ta rufe, shi ya sa aunawa ke da wuya. Tully da abokansa sun nuna a 2008 cewa muna nisantarsa da gudun kusan kilomita 260 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da ma'aunin lissafin da na yi a sama. A cikinsa akwai wadan galaksi mai suna KK 246, a kaɗaice babu maƙwabci kusa, da faifan haidirojin da ya ninka na taurarinsa faɗi sau da yawa.

Injiniya Nura: Shi ma fita yake yi kenan?

Malam Sani: Duk abin da ba ya daidai tsakiya yana gangarawa baki. Amma ka auna: kilomita 200 a daƙiƙa na kai ka kusan megafasek 0.2 ne a shekara biliyan 1. Wanda ke megafasek 10 daga bango ba zai isa ba, musamman da ɓoyayyen makamashi ke rage kwararar. Waɗanda ke fita su ne na kusa da baki, kuma wannan wani tarko ne ga mai gwada zamani da zamani: wasu galaksoshin bango na yau 'yan fili ne shekara biliyan 8 da suka wuce. A kwaikwayon kwamfuta ana magance shi da bin lambar kowane dunƙule daga hoto zuwa hoto, a rubuta lokacin da ya tsallaka tudun baki, sannan a ware waɗanda suka fita daga waɗanda aka haifa a bangon kafin a gwada tarihin taurarinsu.